Geron da Na Daka

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Inna ta riga mu. Ranar Talata da hantsi ta cika, a kan gadonta na igiya a ƙarƙashin rumfa, bayan ta kurɓi gahawa ta miƙo mini finjalin ta ce sukari ya yi yawa. Maganarta ta ƙarshe ke nan a duniya. Kuma gaskiya ta faɗa, hannuna ya zarce.

Uwar maigidana ce. Shekara ashirin da biyu muka yi a tsakar gida ɗaya, a ƙauyenmu na bakin kogi, can gaba da Mai Wurno, har nakan manta ba ita ta haife ni ba. Tun ranar da aka kawo ni take ce mini Amarya, kuma ba ta sauya ba har furfura ta fito mini, har 'yata ta fari ta fara goyon nata ɗan.

Kafin azahar gidan ya cika ya batse. Larabawan ƙauyen gaba suka zo cikin fararen jallabiyoyi, suna ɗaga hannuwa suna karanta Fatiha tun daga bakin ƙofa. Matan Fulani masu kawo mana nono suka sauke ƙorai a gindin darbejiya suka zauna, babu wadda ta yi talla ranar. Direban lorin da ke zuwa Sinnar, ƙaton mutum wanda ban taɓa jin ya yi magana a hankali ba, ya kashe motarsa a bakin hanya da fasinja a ciki, ya shigo yana share ido da gefen rawani. Abin da kawai ya iya ce wa maigidana shi ne, "Yanzu wa zai riƙa tare mini hanya?" Wasu baƙi suka dubi juna, ba su gane ba. Mu mun gane, kuma zan zo kan wannan.

Mutum ɗaya ce ba ta yi kuka ba, tsohuwar da ke bayan dangarmu, wadda duk unguwa ke kira Gwaggo. Ita ce ƙawar Inna tun suna 'yan mata, ita ce kuma abokiyar faɗanta. Ta zauna a tabarma ta miƙe ƙafa tana ta ƙunƙuni. "Ta yi mini wayo," in ji ta. "Kullum ita ce gaba. Aure ta riga ni, haihuwa ta riga ni, yanzu ga wannan ma." Da maza suka dawo daga maƙabarta, mata sun cika ɗaki, sai ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Amarya, taho nan. An bar mini saƙo in ba ki."

Na matso na durƙusa.

"Ta ce gumbar sadakarta ta kwana uku, ke za ki daka ta. Ke da hannunki, a turminta. Ta ce in kin ƙi, to kada wata ɗiya ta taɓa taɓarya, a bar ta haka nan ba gumba."

Babu macen da ba ta san abin da ake nufi ba. Fiye da shekara ashirin rabona da in zuba gero a turmi. Dawa ina dakawa, busasshiyar kuɓewa ina dakawa, gahawa kuwa kullum safiya. Amma gero, ko a kasuwa na gan shi sai in kau da kai. A wurinmu kuma, tsohuwa kamar Inna ta rasu a yi kwana uku ba a raba wa yara gumba ba, abin kunya ne da za a daɗe ana faɗa. Wallahi a lokacin haushinta na ji. Na ce a raina, haba Inna, har kin mutu ba za ki ƙyale ni ba?

Ina so in faɗi yadda aka yi, domin jikokinta yanzu Larabci ya fi Hausa zama a bakinsu. Ina tsoron nan gaba kaɗan abin da zai rage musu na Inna shi ne hoto ɗaya da aka ɗauka a Sinnar, wanda ta ɓata rai a ciki kamar an taka mata shuka.

Da ƙafa ta zo ƙasar nan. Tana 'yar shekara bakwai mahaifinta ya taso da su daga ƙasar Sakkwato, sun nufi Makka. Uwarta ta rasu a hanya, aka binne ta a wani wuri da Inna ba ta taɓa sanin sunansa ba. Da suka iso bakin wannan kogi, mahaifin ya ce za su yi noma damina ɗaya, su sami guzuri su wuce. Kabarinsa na nan bayan masallaci. Abin da ya zo da shi uku ne: allo, sanda, da 'yar gora cike da irin geron gonarsu. Allon ya tsage, sandar ta ɓace. Geron ne ya rayu, domin kowace damina Inna na shuka shi a wani ɗan fili mai yashi a bayan gari, ta tsare shi daga tsuntsu da kanta, ta zaɓi zangarniyoyi mafi kyau ta ajiye iri. Dogon kai gare shi, tsawon hannun mutum, ba irin gajeren da ake kawowa kasuwa daga Kurdufan ba. Geron Baba take ce masa. Ba a shan furarsa sai ranar Sallah, ko ranar da aka yi suna a gidan.

Ba waliyiya ba ce, kada wani ya ce ni na faɗa. Tana da saurin fushi, tana da baki, kuma in ta kafe a kan abu sai dai Allah. Hausata ma ba ta tsira ba. In na cakuɗa ta da Larabci sai ta kama kunnenta ta ce, "Amarya, tsince mini tsakuwar tukuna in ji." Kuskure kuwa ta yi shi da yawa, a gaban kowa. Inda ta bambanta da mu shi ne abin da take yi bayan ta yi shi. Takan tsaya ta dube shi sosai, ta kira shi da sunansa, ta ce, "Na yi, na gani, kalas." Kalas ɗin nan, wato shi ke nan, ita ce kusan duk Larabcin da ta yarda ta ɗauka cikin shekara saba'in. Daga nan sai ta sauya wani abu a yadda take aiki, kuma ba za ka ƙara jin zancen a bakinta ba.

Muna da ɗan fili a gaɓar kogi, inda ruwa ke janyewa bayan damina ya bar laka mai kyau. Jarfu muke ce masa. Wata shekara ruwa ya fara ja da wuri. Kowa ya ce a dakata, kogin nan yakan yi kamar ya tafi sai ya dawo. Inna ta ce ita ta girme su duka, ta dasa albasarta kaf cikin kwana biyu. A kwana na biyar ruwa ya dawo ya shafe komai. Muka je da safe, ko ganye ɗaya babu. Ni na fara salati. Ita kuwa ta riƙe ƙugu ta daɗe tana kallo, sannan ta karɓi gatari a hannun wani, ta je gindin wata bagaruwa ta yi mata sara daidai inda ruwan ya tsaya. "Nan ya koya mini," ta ce. "Na yi, na gani, kalas. Amarya, mi za mu ci da rana?" Tun daga shekarar ba ta ƙara dasa komai ƙasa da wannan sara ba sai ruwa ya yi sati biyu yana ja. Yau rabin masu jarfu da saran nan suke auna lokaci, wasu ma ba su san wa ya yi shi ba.

Wata rana kuma ta ce akuyar Gwaggo ce ta cinye mata shanyar kuɓewa. Ta tsaya a bakin danga ta zazzaga mata masifa har mutane suka firfito. Da yamma aka gano tamu akuyar ce, ga guntayen kuɓewa a bakin turkenta. Washegari da safe Inna ta dafa gahawa ta ɗauki tukunyar. Ba ta bi ta kafar danga ba, ta zagaya ta kan hanya tana kiran matan da suka ji faɗan jiya. "A gabanku na zage ta, a gabanku zan ba ta haƙuri. Ƙarya na yi wa akuyarta." Gwaggo ta so ta ja zancen, ta ce ai ba yau aka fara ba. Inna ta ce, "Na ba ki haƙuri sau ɗaya da zuciya ɗaya. Na biyu babu. Sha gahawarki, tana hucewa."

To, ga nawa.

Ni 'yar Wad Haddad ce. Cikin auduga na tashi, iyayena ƙwadago suke yi a hawashar wani Balarabe, wato gonar da hukuma ke ba mutum ta kuma ba shi ruwa. Kisra na sani, wato wainar Larabawa mai faɗi, da tuwon dawa. Iri a wurinmu cikin buhu ake kawo shi, ban taɓa ganin an rataye shi a madafi ba. Fura kuwa mahaifiyata ta nuna mini sau biyu ko uku da geron kasuwa, don kada in je gidan miji a yi mini dariya.

Daminar da ta wuce kafin a kawo ni, tsuntsu ya sauka a garin nan ya yi ɓarnar da har yau ake faɗa. Abin da Inna ta tsira da shi daga geron Baba ɗan dami ɗaya ne, wanda hannu biyu za su zagaye. Ta ɗaure shi ta rataye a saman murhu, inda hayaƙi ke hana ƙwari. Ba ta ce mini komai a kansa ba. Ni ma ban tambaya ba, lokacin ko ido ba na iya ɗagawa in dube ta.

Wata huɗu da aurena sai ga kawuna ya zo duba ni, tun daga Wad Haddad. Maigidana ya tafi tsinkar auduga, Inna tana jarfu. Na rasa inda zan sa kaina don murna. Na so kawu ya koma ya gaya wa mahaifiyata cewa 'yarta ta faɗa gidan Hausawan asali, gidan da ake tarar baƙo da fura. Na duba rumbu, dawa ce zalla. Na ɗaga kai, sai ga damin nan ya yi baƙi da kunkunniya. Na ce, kai, dubi gero an manta da shi yana lalacewa! Har da jin daɗi, wai ni ga mai tattali.

Na sauke shi. Na sussuke, na sheƙe, na surfe, na wanke, na daka da citta da kanumfari. Na mulmula, na dafa, na kirɓa. Wallahi har yau ina jin ƙamshin nan a hancina. Na tari Bafulatana na karɓi nono, na dama wa kawu a sabuwar ƙwarya. Ya sha, ya ce rabonsa da irin wannan fura tun yana yaro a hannun kakarsa. Ya sa mini albarka ya kama hanya, don kada lori ya wuce shi.

Da la'asar Inna ta dawo da kwandon albasa a ka. Tun daga bakin ƙofa ta tsaya. Ƙamshin ta ji. Ta sauke kwandon a hankali, ta shiga madafi, ta ɗaga kai. Igiya ce kawai ke reto. Ta fito ta dubi turmi, ta dubi ƙaiƙayin da kaji ke tona, sannan ta dube ni.

"Amarya. Duka?"

"Duka me, Inna?"

"Geron da ke bisa murhu. Duka kinka daka?"

Na ce e, ga ma curi biyar na ajiye mata.

Ta durƙusa a wurin ƙaiƙayin, ta kori kaji, ta sa yatsu tana tonawa ko za ta sami ƙwaya. Kaji sun riga ta. Uku ko huɗu ta samu, su ma duk sun fashe. Sai ta zauna daɓas a ƙasa, ta sa kai tsakanin gwiwoyi. Ban taɓa jin kuka irin wannan ba. Ba ihu, ba kururuwa, wani sauti ne ƙasa-ƙasa, tana cewa, "Baba, Baba." Gwaggo ce ta leƙo ta kan danga ta gaya mini abin da na aikata.

Rana ba ta faɗi ba ta tashi. Ta wanke fuska a bakin randa, ta ce in kawo curin nan biyar da sauran nono. Ta dama da kanta. Ta aika aka kira duk yaran dangi, ta kira Gwaggo, ta zaunar da mu, ta riƙa ba kowa ludayi ɗaya. "Ku sha sannu," ta ce. "Wanga shi ne ɗanɗanon garinmu. Ba ku ƙara jin shi." Ta miƙo mini ludayi, na girgiza kai. Ta ce, "Sha. Ke kinka yi wahalar dakan." Na sha da hawaye, ban ji ɗanɗanon komai ba.

Sannan ta ce, "Laifi biyu ne a nan. Na yarinya ƙarami ne, ta ga abu ba ta tambaya ba. Nawa ya fi. Na kawo ɗiyar mutane gidana ban nuna mata abin da ke cikinsa ba." Ta juya ga Gwaggo. "Ke kuma, shekara nawa kina roƙona irin nan?"

Gwaggo ta ce, "Tara."

"Shekara tara ina hana ki, ina cewa na gidan ubana ne. Da na ba ki ko cikin tafi ɗaya, da yanzu na zagaya na karɓo. Rowata ce ta kashe geron Baba, ba taɓaryar Amarya ba. Na yi, na gani, kalas."

Kuma kalas ɗin ta tabbata. Daga wannan shekara duk irin da ya shigo hannunta, na wake ne, na kuɓewa ne, na yakuwa ne, sai ta kasa shi uku: kaso ɗaya gidanmu, ɗaya gidan Gwaggo, ɗaya ta aika ƙetaren kogi wurin 'yarta. Duk abin da ba na ci ba ne ta ɗaura masa jan ƙyalle. Duk amaryar da aka kawo unguwar, Inna kan je ta kama hannunta ta zagaya da ita madafi tana nuna mata, wannan na tukunya ne, wannan na ƙasa ne. Filin nan mai yashi ta shuka masa geron Kurdufan, ta ce gajere ne amma yana cika ciki.

Ni ce na ƙi kalas. Na daina taɓa gero. In za a yi fura a gidan sai ciwon kai ya kama ni. Ranar sunan 'ya'yana ma ban sha ba. Duk alhajin da ya biyo ta garinmu daga yamma, sai in sa maigidana ya tambaye shi ko yana ɗauke da irin gero mai dogon kai. Sau ɗaya aka dace. Na kai wa Inna a guje. Ta duba, ta murza, ta sansana, ta ce, "Gero ne mai kyau. Ba shi ba ne." Ta kasa shi uku, ta ci gaba da abin da take yi. Kuma duk Sallah in na je gaishe ta, bayan barka da Sallah sai in ƙara da, "Inna, ki yafe mini geron nan." Shekarar farko ta ce ta yafe. Ta biyu ta ce ai ta faɗa. Daga ta biyar sai ta riƙa yin kamar ba ta ji ba.

A shekara ta goma sha ɗaya muka yi faɗan da ba mu taɓa yin irinsa ba. 'Yata, tana shekara tara lokacin, ta fasa tulu a hanyar kogi. Sati biyu ina yi mata gori, har yarinyar ta koma in za ta ɗauki ko ludayi sai ta fara duban fuskata. Muna jarfu ni da Inna muna cire ciyawa cikin albasa, sai ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Amarya, yarinyar nan tulu nawa ta fasa?"

Na ce ɗaya.

"To ni na ji kamar goma sha huɗu. Kullum safiya kina sake fasa mata shi a ka."

Na ce so nake ta yi hankali, kada ta tashi irina.

"Irinki? Mi kinka yi?"

"Inna, ai kin sani."

Sai ta yi jifa da ciyawar da ke hannunta ta miƙe. "Ke! Na gaji! Kin ɗauki kuskuren nan kin goya kamar ɗa, shekara goma sha ɗaya kin ƙi yaye shi. Kina tsammanin ladabi ne? Ba ladabi ba ne. Duk Sallah sai kin tono mini ubana kin sake binnewa. Ni sau ɗaya na rasa geron nan. Ke ce kike sa ni rasa shi kowace shekara!"

Ni ma zuciya ta ɗebe ni, Allah Ya yafe mini. Na ce, "Ke ai da sauƙi, Inna. Albasa ce da akuya. Ba ki taɓa ɓata abin da ba ya gyaruwa ba."

Ta kakkaɓe hannuwanta. Sannan ta je gindin bagaruwar nan mai sara ta zauna, ta nuna mini gefenta.

"Mijinki yana da ƙane," ta ce. "An gaya miki?"

Na san an yi wani yaro ya rasu, amma ba wanda ke zancensa.

"Shekararsa huɗu. Zazzaɓi ya kama shi da kaka. Gwaggonku ta ce a kai shi Sinnar wurin likita. Na ce a'a, ni na san magani, ubana ya koya mini. Kwana shida ina jiƙa saiwa ina yi masa turare. Ran na bakwai na yarda. A bayana ya cika, muna tsaye bakin hanya muna jiran mota. Ban ma sani ba, ina ta jijjiga shi."

Ta gyara zama ta ci gaba.

"Wa'adinsa ne ya yi, wannan na sani. Amma taurin kan nawa ne, ba na ɓoye shi bayan ƙaddara. Wata uku ina kwance ina kallon bango. Rannan sai na ji muryar mijinki, yana ɗan shekara bakwai, yana roƙon tuwo a gidan maƙwabta. Na ce to, na rasa ɗaya da taurin kai, ga shi zan rasa na biyu da kuka. Na tashi. Na nemi gafarar Ubangiji, na ɗauki abin da ya koya mini, sauran na bar shi a kabari. Ba mantawa na yi ba, Amarya. Wa ke manta ɗansa? Baƙin cikin ne dai ban shimfiɗa masa tabarma a ɗakina ba."

A ranar na gane tare hanya. Tun ina sabuwar zuwa nake ganin in yaro ya kwana biyu da zazzaɓi a unguwar, ko ɗan wa ne, Inna za ta shiga gidan, ta goya shi, ta je ta tsaya a tsakiyar hanya, ba gefe ba, ta ɗaga hannu har lori ya tsaya. Direbobi sun zage ta har sun gaji, sun koma suna ajiye mata wuri a gaba. Na ɗauka ƙarfin hali ne kawai irin nata. Yaran da ta kai Sinnar ta haka, da yawansu su ne suka ɗauki makararta ran Talata.

Daga ranar na daina yi wa 'yata gori. Na daina roƙon gafara ran Sallah. Amma gero ban iya ba, in na tunkari turmi da shi sai in juya in mayar. Inna ba ta ƙara ce mini komai ba. Na ɗauka ta haƙura da ni. Ashe ajiye ni ta yi.

Ranar Laraba na wuni ina kai da kawo cikin masu zaman makoki, ban san abin da nake yi ba. Wata daga cikin dangi ta raɗa mini cewa a daka a ɓoye a wani gida, a ce ni ce. Gwaggo, da ake cewa kunnenta ya yi nauyi, ta ce daga inda take zaune duk wadda ta yi haka za ta gamu da ita. Maigidana ya same ni a madafi. Ba mai yawan magana ba ne. Ya ce, "Ba zan tilasta miki ba. Amma kin san ta. In ta ce a bari, bari take nufi."

Ranar Alhamis da safe na fito da turminta tsakar gida. Mata suka jeru a gindin danga. Gwaggo ta shigo tana dogara sanda, 'yata na biye da ita ɗauke da babbar ƙwarya. Aka sauke a gabana. Gero ne, manyan ƙwayoyi masu haske.

"Kin gane shi?" in ji Gwaggo. "Wanda kika samo wurin alhajin nan ne. Kason da ta ba ni. Tun daga lokacin nake shuka shi."

Na dubi ƙwaryar, na dube ta. Na ce, "Duka?"

"Duka. Iri na gidana da jan ƙyalle, akwai ƙetaren kogi, akwai saman murhunku. Daka, ba abin da zai ƙare."

Na yi bismilla na juye. Na ɗaga taɓarya, na sauke. Sai gero ya yi tsalle ya watsu a ƙasa, kaji suka yo kansa a guje. Na cika turmin fiye da kima, kamar wadda ba ta taɓa daka ba. Wata mata ta ce, "Wayyo!" Na tsaya riƙe da taɓarya ina kallon kajin nan. Da a da ne, da na shige ɗaki.

Na dubi abin da na zubar, na dube shi sosai. Na ce, "Na yi. Na gani."

'Yata, wadda na yi wa gorin tulu, ta ce a hankali, "Kalas, Yumma." Haka yaran nan ke kiran uwa da Larabcinsu.

Na sunkuya na kwashe rabi na mayar ƙwarya, na sake ɗaga taɓarya. Wannan karon ta faɗa daidai. Na surfe, na wanke, na daka, ina yi ina kuka, ƙamshin nan na shekara ashirin da biyu ya cika gidan. Har hantsi ya yi ban yarda kowa ya karɓe ni ba. Da na zo zuba sukari na tuna finjalin ran Talata, na riƙe hannuna.

Aka dunƙula aka raba. Yaran unguwa suka yi layi har bakin hanya, kowa ya samu. Curin ƙarshe na kai wa Gwaggo. Ta gutsura da sauran haƙoranta, ta daɗe tana taunawa.

"Sukari ya yi kaɗan," ta ce. "Da tana nan da ta gaya miki." Sai bakinta ya karkace, ta ja mayafi ta rufe fuska, kukan da ta riƙe kwana uku ya ɓalle.

Na zauna kusa da ita na riƙe hannunta har ta lafa. Na ce, "Na gani, Gwaggo. Ta arba'in zan gyara."

Allah Ya ji ƙan Inna, Ya yalwata mata makwanci, Ya sada ta da mahaifinta da ɗan da ya cika a bayanta. Mu da muka saura, Ya ba mu ikon duban abin da muka yi, mu gyara, mu tashi.